An sallame ni daga aiki ina da shekara 54: fili zan saya ko gidan haya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Kamfaninmu ya rage ma'aikata, abin ya faɗa da ni. Kuɗin sallama sun shigo, wajen naira miliyan 25, ga iyali ga 'yan makaranta. Wasu sun ce in sayi filaye a bayan gari in ajiye, wasu sun ce gidan haya. A Kano nake. Masana harkar, ta ina ake farawa?

Dillalin Fegi:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya musanya da mafi alheri. Ajiye fili sana'ar mai albashi ce, wanda zai iya mantawa da shi shekara biyar. Kai yanzu abin da zai riƙa kawo cefane kake nema, fili kuwa ba ya kawo ko sisi sai ran da aka sayar, kuma ran da ka matsu ka kai shi kasuwa, masu saye suna jin ƙanshin matsuwar, sai su taya shi a wulaƙance.

Kafin komai ware kuɗin abinci, makaranta da magani na shekara guda, kada su shiga harkar nan ko kaɗan. Sauran ka yi musu lissafi: kuɗin hayar shekara, a cire gyara, yashe masai, kason mai karɓar haya da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa, sannan a raba da abin da ka kashe duka, har da la'ada da kuɗin lauya. A ce gida ya ci miliyan 18, hayarsa miliyan 1.2, bayan cire-cire ya saura dubu 900. Kashi 5 cikin ɗari ke nan, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2024. Shi ya sa na fi son shaguna biyu ko uku a bakin titi mai jama'a, ko ɗakunan ɗalibai kusa da Jami'ar Bayero (BUK), a kan katafaren gida guda da mai haya ɗaya zai riƙe maka wuya.

Lauyan Ƙasa:
Yallaɓai, kada kobo ya fita sai takarda ta yi magana. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, abin da kake saye izinin zama ne, yawanci na shekara 99. In akwai C of O, wato takardar shaidar wannan izini, karɓi kwafinsa ka sa a bincika fayil ɗin a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki ko a'a, nawa ne bashin harajin ƙasa. Bayan ciniki a rubuta takardar miƙa mallaka, a nemi amincewar gwamna, a yi rajista. Da yawa suna tsayawa a takardar mai unguwa da shaidu biyu, sai ran da suka je neman rance ko sayarwa su tarar sunan tsohon mai shi ne a fayil.

Inda aka fi yin kuka wuri biyu ne. Gidan gado, inda ɗa guda ya sayar ba da yawun sauran magada ba: nemi takardar rabon gado ta kotu, kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. Sai awon igiya. Yana da araha saboda babu tsarin gwamnati a kai, ana iya sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku, kuma in hanya ta biyo ta kansa, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka. Kai safiyo ya ɗauki lambobin wurin tun kafin ciniki. Ka biya ta banki, cikin asusun mai sunan da ke takarda, kada ka biya ta hannun dillali.

Injiniya:
Na yarda da Dillali a kan shaguna, sai dai ina jan kunne kan ginawa daga tushe. Farashin siminti da rodi ba ya jiran kowa, kuɗi kan ƙare a linta, a bar mutum da kango, ba haya ba kuɗi. In dole sai ka gina, fara samun izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ka kammala shago biyu har fenti da ƙofa, su fara kawo kuɗi, sannan ka ƙara.

In tsohon gida ne, je ka gan shi a watan Agusta bayan an tafka ruwa. Dubi gindin bango: in fenti ya kumbura yana zubar da farin gishiri, damshi ne ke hawowa daga ƙasa, sabon filasta ba ya maganinsa. Tsagewar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga alamar tushe ne ke zaunawa. Leƙa cikin silin ka ga katako, gara tana cinye shi ta ciki ta bar fatar. Tambayi maƙwabta zurfin rijiyarsu da bashin wutar lantarki na KEDCO da ke kan gidan.

Tsohon Akanta:
Ƙari kaɗan, Alhaji. Tunda ka haura 50, Dokar Fansho ta 2014 ta ba ka damar zuwa kamfanin fanshonka ka karɓi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyanka wata-wata. Ka bar na wata-watan nan ya riƙe gida, kada ka haɗa lissafinsa da na gini. Abin da bai shiga shago ba kuma, akwai Sukuk, takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017, ga mai gudun kuɗin ruwa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Lauya, binciken KANGIS ɗin ni zan je da kaina, ko sai ta hannun lauya?