Don Allah a taimaka: ƙoƙon kan kunkuru na neman rushe min furojet

Ɗalibar aji huɗu: Assalamu alaikum. Furojet ɗina a kan yadda siffar ƙoƙon kai ta sauya tsakanin dabbobi masu ƙashin baya ne. Na tara kan akuya, kare, zabo, damo da kunkuru, ɗaya ɗaya. Da farko a kan kifi na so yi, aka ce wani ya riga ni, na koma wannan, aka amince, har na rubuta babi biyu. Na jera su bisa kafofin da ke bayan ido: kunkuru ba shi da ko ɗaya, don haka shi ne mafi daɗewa, sai akuya da kare masu kafa ɗaya, sai damo da zabo masu biyu. Malamin da ke duba aikina ya ja layi a kan kunkurun ya rubuta "sake dubawa", bai ce komai ba. Ga kan damo ya wargaje a tukunya. Wata ɗaya ya rage. Ina zan dosa?

Malamin ilimin dabbobi: Wa alaikumus salam. 'Yata, malaminki na da gaskiya, kuma matsalar ta wuce kunkuru. Tsofaffin littattafai sun sa shi cikin rukunin anafsid, wato marasa kafa a bayan ido, saboda ba shi da ita. Amma binciken ƙwayoyin gado na 2013 ya nuna danginsa na kusa su ne kada da tsuntsaye, wato dayafsid ne, rukunin masu kafa biyu. A 2015 aka bayyana burbushin wata tsohuwar dabba mai suna Pappochelys daga Jamus, mai shekara kusan miliyan 240, kakan kunkuru ne kuma kansa na da kafofin. Ke nan toshe su ya yi daga baya. Ki dubi ƙeyar kan da ke hannunki, za ki ga ƙashin ya zaizaye daga baya, nan tsokar muƙamuƙi ke samun wuri. Jerin naki ma ba daidai ba ne: mai kafa ɗaya bai haifi mai biyu ba. Rassa biyu ne da suka rabu fiye da shekara miliyan 300.

Mai kula da ɗakin gwaji: Damon kuwa tafasa ce ta kashe shi. Ƙasusuwan kan ƙadangaru ba a haɗe suke kam ba, jijiya ce ke riƙe da su. Ki feɗe, ki cire ido, harshe da ƙwaƙwalwa, ki jiƙa a roba mai murfi, ruwan ya kasance ɗumi kamar digiri 30 zuwa 35, ki sauya rabinsa duk kwana uku, ki riƙa tacewa da rariya don haƙora na zubewa. Ga ƙaramin kai, ƙwaron nan mai cin busasshen kifi ya fi, yana cinye nama ya bar gaɓoɓi a haɗe. Sai sabulun wanke-wanke ya cire maiƙo, sannan sinadarin haidirojin feroksaid mai kashi 3 cikin ɗari don ƙashin ya yi fari, kwana ɗaya zuwa biyu. Kada bilic ya taɓa shi, ƙashin zai koma gari. Abin takaici, sassan jami'a da yawa ba su da ko kwarangwal ɗaya mai lamba da rajista, ana tura yara kasuwa neman kai, sannan a zo ana neman sakamako.

Likitan dabbobi: Jiƙo na cin mako biyu zuwa huɗu, ba ta da wannan lokacin. Kan akuya da kare a dafa da wuta kaɗan, kada ruwan ya tafasa, awa biyu ya isa. Sai dai akuyar shekararta nawa? Ta kasuwa yawanci ƙarama ce, ɗinkin kanta, wato layin da ƙasusuwan kai ke haɗuwa, bai haɗe ba, fuskarta gajera ce in an gwada da babba. Ki duba haƙoran gaba na ƙasa. Kunkurun ma daga ina? Babban kunkurun Sahel doka ta kare shi.

Ɗalibar aji huɗu: Malam, littafin da aka ba mu a aji biyu cewa ya yi anafsid ne, ba ni na ƙirƙira ba. Kuma ai ba shi da kafar, da idona na gani. Na riga na auna tsawo da faɗi da kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu.

Malamin ilimin dabbobi: Abin da ido ya gani siffa ce, ba asali ba. Kada da akuya duk suna da ganɗar ƙashi da ta raba hanci da baki, amma kowa da hanyar da ya samo ta. Awon naki kuma, kai ɗaya daga kowace dabba ba ya faɗin komai, don ba ki san bambancin da ke tsakanin akuya da akuya ba. Ki ajiye kalifar. Ki ƙirga alamomi: muƙamuƙin ƙasa na akuya da kare ƙashi ɗaya ne a kowane gefe, na damo da yawa, biyu daga tsofaffin ƙasusuwan gaɓar muƙamuƙi su ne suka koma cikin kunnen masu shayarwa. Ƙullin ƙeya da ke hawa wuya biyu ne a akuya, ɗaya a zabo da damo. Ki ɗora waɗannan a kan bishiyar dangantaka, wato zanen da ke nuna yadda dabbobin suka rarrabu daga kaka ɗaya. Wannan ne furojet.

Ɗalibin digiri na biyu: Da girmamawa Malam, awon bai zama banza ba. Ta nemi kan awaki 15 da na tumaki 15 a mahauta, ta ɗauki hoto daga nisa ɗaya da rula a gefe, ta sa ɗigo 12 a mahaɗar ɗinki da manhajar kwamfuta ta tpsDig, sannan manhajar MorphoJ ta cire tasirin girma. Kyauta ne duka.

Malamin ilimin dabbobi: Wannan tambaya ce daban. Akuya da tunkiya ba za su nuna mata tarihin masu ƙashin baya ba.

Ɗalibar aji huɗu: Ba zan iya sauya take ba, an sa hannu. Kuɗin kai 30 ma babu. In na bar kunkurun a inda yake, na ƙara sakin layi ɗaya cewa akwai saɓani, ba zai wuce ba?

Likitan dabbobi: Har yanzu ba ki faɗi shekarun akuyar ba.