Neman shawara: kwana uku a Beijing, ta ina za mu fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. In Allah ya kai mu ƙarshen Oktoba ina Guangzhou wajen baje kolin Canton, kuma bana na ce sai na leƙa Beijing kafin in dawo, don zuwana Chaina kullum daga kasuwa sai masauki. Kwana uku kacal gare mu. Tare nake da Yayana, ya haura sittin, kuma gwiwa na damunsa. Muna son ganin fadar sarakunansu na da, da Babbar Ganuwa, da abin da ya samu. Wani ya ce min ana haɗa fadar da ganuwar a yini guda. Gaskiya ne? Sai kuma batun abinci da sallah. A taimaka.

Ɗalibi mazaunin Beijing:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda ya gaya maka haka bai tausaya wa gwiwar Yaya ba. Fadar nan, wato Haramtaccen Birni, da 'yan gari ke kira Gugong, daga ƙofar kudu zuwa ta arewa ta kusa kilomita guda, in ma miƙewa ka yi ba ka ratse ko'ina ba. Daɓen dutse ne, ga matakala, ga dokin ƙofa mai tsawo da sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka tsallake. Manyan filayen gaba babu bishiya ko ɗaya, balle inuwa.

Amma tun kafin ku yi maganar tafiya, tikiti ne matsala. Ta intanet ake yanka shi da lambar fasfo, ana buɗewa saura kwana 7, kuma yana ƙarewa da wuri. Ka yanka tun kana Guangzhou, ko ka sa wakilinka na can ya yi maka. Yuan 60 ne daga Afrilu zuwa Oktoba, 40 daga Nuwamba. Ranar Litinin a rufe take. Fasfon da aka yi rajista da shi za a duba a ƙofa, kada a bar shi a otal. Filin Tiananmen da ke gabanta shi ma da bincikensa, ku ware masa lokaci.

Ta kudu ake shiga, ta arewa ake fita, a tsara hanya da wannan a zuciya. Ana buɗewa 8:30, ku kasance a layin farko. An gama gina ta a 1420 zamanin sarki Yongle, sarakuna 24 suka zauna a ciki har zuwa Puyi, wanda aka fitar a 1924. Jama'a duk tsakiya suke bi suna turereniya a bakin zauren karagar mulki. Ku karkata gefe, can ne ɗakunan matan sarki suke, da wurin zama a huta. Ku kuma lura da manya-manyan randunan tagulla da ke tsakar gida, ruwan kashe gobara ake tarawa a ciki, don ginin galibi katako ne. Da kun fita, tudun Jingshan na kallon ku a tsallaken titi. Daga samansa ake ganin rufin fadar baki ɗaya, ruwan ɗorawa har iya ganinka. Kai ka hau, Yaya ya jira ka a lambun ƙasa.

Hajiya mai kayan yara:
Ƙanena, ganuwa yini guda ce ita kaɗai. Ku je Mutianyu, kusan kilomita 70 daga gari. Akwai ƙaramin keji mai tafiya a kan waya da zai ɗauke ku har sama, Yaya ya taka kaɗan, a yi hoto, a sauko. Matakalar ganuwar ba daidai take ba, wata gajeruwa wata har kusan gwiwa, saukowa ta fi hawa wahala. Ku riƙe rigar sanyi mai kauri, iskar can ba irin ta Guangzhou ba ce.

Wani ɗan kasuwa:
Hajiya a yi min afuwa, ni Badaling zan ce. Jirgin ƙasa mai gudu na kai mutum cikin kusan rabin awa, kuma can ma akwai kejin.

Hajiya mai kayan yara:
Akwai, amma ka manta da cunkoso. Dattijo mai ciwon gwiwa a cikin wannan turmutsutsun? A'a.

Malam:
Abinci ba zai ba ku wahala ba, akwai Musulmi 'yan ƙabilar Hui da yawa. Ku nemi unguwar Niujie, inda tsohon masallacinsu yake, wanda asalinsa ke komawa shekarar 996. Naman rago da ake tsomawa a tafasasshen romo cikin tukunyar tagulla shi ne abin da aka san su da shi. Kada ku tsaya neman rubutun Larabci a allon shago, an cire shi a wurare da dama; ku ajiye wannan alama a waya: 清真. A wuraren yawon buɗe ido kuwa ba za ku sami wurin sallah ba, kuma bayinsu babu buta. Ku riƙe gorar ruwa, ku yi amfani da sauƙin da aka yi wa matafiyi, ku haɗa azahar da la'asar.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Ke nan fada yini ɗaya, ganuwa yini ɗaya. Na ukun fa?

Ɗalibi mazaunin Beijing:
Fadar Bazara, Yiheyuan. Sojojin Ingila da Faransa sun ƙone ta a 1860, uwar sarki Cixi ta sake gina ta. Akwai doguwar rumfa mai mita 728 a bakin tafkin Kunming, shimfiɗaɗɗiya ce kuma da wurin zama gefe da gefe, ta dace da Yaya. In da sauran ƙarfi, ku biya Tiantan da sassafe, wurin ibadar da sarakunansu kan je a da roƙon damina mai albarka. Sannan duk wanda ya tare ku kusa da fada da Turanci mai daɗi yana gayyatar ku shan shayi, ku ce masa kun gode ku wuce, kuɗin da za a caje ku a ƙarshe ba na shayi ba ne. Wace rana za ku sauka? In Lahadi ce, ganuwa za ku fara yi ranar Litinin.