Shawarwarin masu gyara kan kare kwamfutar gida

A hirarmu da masu gyaran kwamfuta, imel aka fi nanatawa. In saƙo ya zo da sunan banki ko ɗan'uwa ɗauke da fayil, kada ka yi gaggawar buɗewa, kira mai shi ka tabbatar. Duba ƙarshen sunan fayil ɗin: an ce takarda ce amma ya ƙare da .exe, to tarko ne.

Sun ja kunne kan manhajojin sata na kyauta, can ƙwayar cuta ta fi ɓuya. Ni abin da ya fi damuna shi ne ƙin sabunta Windows don tsadar data. A watan Mayun 2017, kwamfutocin da ba a sabunta ba wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kama, alhali Microsoft, kamfanin da ya yi Windows, ya fitar da maganin tun Maris.