Rasit ɗin haraji bayan gwanjon ƙungiya: Alhaji ya ce sai an rubuta masa 900 cif

Maman Amira (Kalgari): Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san harkar haraji a Kanada ya taimake ni, kwana uku ke nan barci ya ƙaurace mini. Ni ce ma'ajin wata 'yar ƙungiyarmu ta taimakon marayu a nan, kuma wallahi ba ni na nemi muƙamin ba. Wadda take riƙe da shi mijinta ya samu aiki a wani gari suka tashi. Ranar zaɓe ina kicin ina juya miyar taushe, fitowata ke da wuya aka ce ai ni aka ba. Jakar leda ɗaya ta miƙo mini, cike da takardu da littafin ceki, ta ce komai yana ciki. A watan Nuwamba muka yi walimar tara kuɗi, ranar ƙanƙara ta zuba har muka fitar da rai, amma mutum ya haura ɗari. Ni na soya naman, ni na biya kuɗin zauren daga aljihuna kafin a maido mini, ni ce kuma ta ƙarshen fita da tsintsiya a hannu.

Yaranmu haifaffun nan su suka kawo shawarar gwanjon shiru. Ana jera kaya a tebur, kowanne da takarda a gabansa, mai so ya rubuta sunansa da tayinsa, idan an rufe wanda ya fi kowa shi aka sallama wa. Kaya 14 aka sayar. To da mai gabatarwa ya ga ba mai taɓa biro, sai ya ɗauki lasifika ya ce a saya, duk abin da mutum ya biya za a ba shi rasit ya rage haraji. Yanzu Fabrairu ta kama, waya ta hana ni sakat. Wani Alhaji, wanda ya fi kowa taimakonmu, ya sayi babbar riga mai aska takwas dala 900, yana son rasit na 900. Shugaba ya ce in rubuta kawai. 'Yata kuma ta ce ba haka ake yi ba. Ya zan yi?

Baban Khalifa (Hustan): Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, wannan aikina ne, na fi shekara goma ina yi wa masallacinmu. Ƙa'ida ɗaya ce: wanda ya saya a gwanjo ciniki ya yi, abin da ya haura darajar kayan shi kaɗai ne sadaka. In rigar ta 600 ce ya biya 900, sadakarsa 300. Duk wanda ya biya sama da dala 75 ya karɓi wani abu, dole ki ba shi takarda mai nuna kiyasin darajar abin da ya karɓa. Daga 250 zuwa sama kuma ba zai iya neman ragin haraji ba sai da shaidar ƙungiya a rubuce. Ko dala ɗaya ce ta hau, ki rubuta masa dala ɗayan. Shi ke nan, an rufe magana.

'Yar Katsina (Toronto): Yaya, wannan dokar IRS ce ka kawo, hukumar harajin Amurka, ita kuma a ƙarƙashin CRA take, hukumar harajin Kanada. Anti, tambaya biyu kafin komai. Ƙungiyar tana da rajistar agaji da CRA, mai lambar da ake ganin RR a cikinta, ko dai rajistar lardi ce kawai? Na biyu, an rubuta darajar kowane kaya a takardarsa tun kafin a fara tayi?

Maman Amira: Rajista muna da ita, lambar tana jikin tsofaffin rasitai, RR0001 a ƙarshe. Daraja kuwa an rubuta a kan shida. Sauran "farawa daga kaza" kawai aka sa. A kan rigar an rubuta farawa daga 300. Amma kowa a zauren nan ya san kuɗin aska takwas, ai ba yara ba ne. Wanda ya ba mu ita ma ya ce ta kai 600.

'Yar Katsina: To nan gizo ke saƙar. A Kanada sharaɗi biyu ne. A san darajar kayan, a kuma sanar da masu tayi tun kafin su taya. Sannan darajar kada ta wuce kashi 80 cikin ɗari na abin da aka biya, wato sai tayin ya kai darajar da ƙarin rubu'inta. Kayan 200 sai an saye shi 250 ko fiye. Da an rubuta 600 a kan rigar, da Alhaji ya samu rasit na 300. Farashin farawa ba daraja ba ne. Waɗannan takwas ɗin, har da rigar, ni dai ba zan sa hannu a kansu ba. Faɗo mana biyu daga cikin shidan.

Maman Amira: Akwatin turaren wuta da humra, an rubuta 200, an saya 230. Tum-tum na fata, an rubuta 100, an saya 180.

'Yar Katsina: Mai tum-tum na da rasit na 80. A jikinsa ki nuna 180 da ya biya, 100 darajar abin da ya karɓa, 80 abin da zai nema. Mai turare ba ta da komai, don kashi 80 na 230 dala 184 ne, 200 kuma ta wuce nan.

Baban Khalifa: Haba ƙanwata. Baiwar Allah ta ƙara 30 daga aljihunta ki ce ba ta da komai? Lissafi ai lissafi ne ko a Kanada ko a Kaura Namoda. Hajiya, rubuta mata 30, Alhaji kuma 300. Mutanen CRA ba su da lokacin ƙungiyar da kayanta 14. Ku da kuka karanta akanta kun cika tsoro, shi ya sa ƙungiyoyinmu ba sa girma.

Anti Mai Lalle: Ni dai abin da ke ba ni haushi, masu saye ake ta magana, mu masu bayarwa fa? Bara na ba wata ƙungiya a garinmu lallen amarya kyauta suka yi gwanjonsa. Awa biyar ina durƙushe a gaban yarinyar nan, bayana har yau bai koma daidai ba. Da na nemi rasit sai aka ce wai aiki ba dukiya ba ne. Ko a bayan takardar taro ba su sa sunana ba, amma wanda ya kawo katan ɗin lemo sau uku aka kira shi a lasifika.

'Yar Katsina: Anti, rashin godiyar laifinsu ne, amma maganar rasit gaskiya suka faɗa miki. CRA ba ta ɗaukar aikin hannu ko lokaci a matsayin kyautar da ake ba rasit. Hanyar ita ce su biya ki kuɗin aikinki, ke kuma don ra'ayin kanki ki mayar musu sadaka, amma sai kin sa kuɗin cikin abin da kika samu a shekarar.

Malam na Unguwa: Ni tambayata daban ce. Wanda ya ba marayu don Allah, me ya kai shi bin ma'aji da waya kwana uku? Ya karɓi riga, yana son lada, yana kuma son gwamnati ta maido masa. Mu ji tsoron Allah a kan niyyarmu.

Baban Khalifa: Malam, hakkinsa ne da doka ta ba shi. Abin da aka maido masa ma wataƙila marayun zai sake ba. Kada mu shiga zuciyar mutane. Hajiya, mafita mai sauƙi: takardun gwanjon suna hannunki, ɗauki biro ki ƙara "daraja 600" a saman ta rigar. Ai ba ƙarya ba ce, darajarta ke nan.

'Yar Katsina: Subhanallahi, Yaya! Kada ki kuskura, Maman Amira. Rasit mai kuskure tararsa kashi 5 ce na kuɗin da ke jikinsa, amma wanda aka sa bayanin ƙarya da gangan kashi 125 ne, kuma za a iya dakatar da ku daga ba da rasit ko a soke rajistar ɗungurungum. Sa hannunki ne a ƙasan takardar, ba na mai lasifika ba. Kuma doka ba ta ce sai ƙarshen Fabrairu ba, shawara ce kawai, mutane suna da har 30 ga Afrilu su cike harajinsu. Ki kira sashen ƙungiyoyin agaji na CRA ki karanta musu abin da ke kan takardar yadda yake.

Maman Amira: Ni in kira CRA da bakina? Ai kai kai ga mahauci ke nan. Kuma ku daina magana kamar sakaci na yi. Da wane hannun zan rubuta daraja, alhali ina kan tukunya tun asuba? Yaran da suka kawo shawarar su ya kamata su sani. Ku ba ku san Alhajin nan ba, rabin abin da muke tarawa a shekara daga hannunsa yake fitowa, matarsa kuma aminiyata ce tun muna Zariya. An yi masa alkawari a gaban mutum ɗari, yau in ce ba shi da ko sisi?

Anti Mai Lalle: Ka ji ko. Mai kuɗi shi ake jin kunya.

Baban Khalifa: Shi ya sa na ce 300. Ba 900 ba, ba kuma babu ba. Na faɗa tun farko amma an tsaya ana ja da ni.

Maman Amira: Akwai wani abin da ban faɗa ba. Daren walimar na riga na rubuta wa mutum biyu rasit na cikakken kuɗin da suka biya, don sun ce za su yi tafiya. Ɗayarsu mai turaren ce.

'Yar Katsina: Inna lillahi. Waɗannan sai an karɓo su an soke, ki ajiye asalin da kwafinku a fayil. Ɗayan wane kaya ne, an rubuta darajarsa?

Maman Amira: Mai turaren ta tafi Umara, ba zan kira ta tana Harami in ce ta dawo da takarda ba. Ɗayan sai na duba jakar. Ga Alhaji ma yana kira, bari in ɗauka.