Tsoron hawa sikeli ya sa na yi fashin zuwa asibiti

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah ban da dariya. Tun haihuwata ta ƙarshe hawan jini ya kama ni, duk bayan wata 3 nake komawa ganin likita. Bin layi tun ƙarfe 7 na safe na saba da shi, ko ɗibar jini ba ta dame ni ba. Sikeli ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. A baranda aka ajiye shi, daidai gaban bencin da jama'a ke zaune. Kina hawa, nas ɗaya za ta leƙa ta ɗaga murya ta faɗa wa mai rubutawa a kati. Zuwana na ƙarshe sai ji na yi, "Kilo 96!" Ta kuma ƙara da, "Hajiya, ana dai hutawa." Benci ya ɗauki dariya, ga matar maƙwabcinmu a zaune a ciki. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin haushi, daren ranar ko tuwo ban ci ba, hijabin ma mafi shara-shara na zaɓa. Yanzu ranar komawata ta wuce da mako 5, a kemis nake sayen maganina. Wai dole ne sai an auna ni? In na ƙi, za su ƙi duba ni?

Malamar Jinya:
Wa alaikumus salam. Maganarki ta taɓa ni, domin ni ma na sha ɗaga murya haka idan layi ya kai bakin ƙofa. Amma zolayar ba ta da hurumi.

Kina da damar cewa ba kya so, sai dai ba zan ba ki wannan shawarar ba. Likita ba lambar rana ɗaya yake kallo ba, yadda take tafiya daga zuwa zuwa zuwa yake bi. Nauyin mutum kan motsa da kilo 1 zuwa 2 a yini guda saboda ci da sha, don haka ƙin cin tuwon nan wahalar da kanki kawai kika yi. Abin da ke tayar mana da hankali shi ne mutum ya ƙara kamar kilo 2 cikin kwana 3 ga ƙafa ta kumbura. Wannan sau da yawa ruwa ne jiki ya tara, sai a duba zuciya da ƙoda. Mai kemis ba zai gano miki shi ba.

Kafin ki hau sikelin, ki matsa kusa da nas ɗin ki ce, "Sista, don Allah ki rubuta kawai, kar ki faɗa." In ke ma ba kya son gani, ki kau da kai. Sannan ki nemi a ɗaura miki babban ƙyallen awon jini idan damtsenki na da kauri, ƙarami yana nuna jinin ya hau fiye da yadda yake.

Siririya:
Ni kuma tawa akasin taki ce. Kilo 47 nake, shekara da shekaru. Ranar da aka faɗa a awon ciki, wata ta bi ni da kallo tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Baiwar Allah, lafiyarki kuwa?" Kun dai san me take nufi. Har sha-ka-fashe wata ƙawata ta kawo mini, Allah ya taimake ni ban sha ba.

Baban Gida:
Hajiya, ki yi haƙuri, amma ni ban ga abin kunya ba. Nawa ya haura 100, in aka faɗa cewa nake yi a ƙara da na takalmi. Shanyewar ɓarin jiki ta fi dariyar benci ciwo.

Maman Biyu:
Malam, kai in an faɗi naka "Alhaji ya samu" za a ce, ni kuwa sai da zancen ya kai gidan suna. Sista, na gode. Ranar Talata zan koma in sha Allahu. Abin da ya rage shi ne me zan ce wa likita a kan mako 5 ɗin nan.