Mambobinmu sun daina faɗin ra'ayinsu, ta ina zan ɓullo?

Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiya ta masu sana'a ɗaya, kuma wata matsala ta sha mini kai.

Duk ƙarshen shekara mukan tura wa mambobi tambayoyi ta Google Forms a zaurenmu na WhatsApp. Da farko ana amsawa sosai. Bana kuwa 'yan tsiraru ne suka cike, su ma ɗin masu zuwa taro ne kullum, masu cewa komai lafiya lau. Waɗanda suka daina biyan kuɗin wata, da su ne nake son jin ta bakinsu, shiru kake ji.

Na rage tambayoyin, na cire wurin rubuta suna, duk bai canza zani ba. Da na kira wani dattijo a waya sai ya ce, "Bara na rubuta a gyara lokacin taro, wa ya waiwaye ni?" Kunya ta kama ni, don amsoshin bara suna nan jibge a kwamfuta, kwamitin zartarwa ko buɗe su bai yi ba.

Yanzu in fitar da sakamakon bara kowa ya gani, har da sukar da aka yi wa shugabanni, ko in dakata sai mun aiwatar da ko abu ɗaya ne tukuna? Sannan wanda ya riga ya ja jiki, yaya ake tuntuɓarsa ba tare da ya ɗauka bashi aka biyo shi ba?