Takarda banki ke dubawa ko rawani?

Baban Khalifa: Jama'a yau na ga abu. Na raka kawuna banki a Wuse, ya sayar da shanu a kara ta Dei-Dei, miliyan 6 da ɗoriya a baƙar leda ya ɗaure da kyauro. Kashiyar ta kalli rawaninsa ta kalli takalmin robarsa tace mu koma gefe. Awa biyu fa! Manaja ya fito yana ta ina ka samu, wa ya baka, alhali ga BVN ga NIN komai lafiya. Wani mai kwat ya zo bayanmu da nashi damin, ko zama bai yi ba ya fita. Wallahi don Bafulatani ne

Maman Hanan: Haba Baban Khalifa, doka ce. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 tace mutum ya wuce miliyan 5 sai banki ya kai rahoto NFIU, hukumar da ke bin diddigin hada-hadar kuɗi a ƙasar nan, kamfani miliyan 10. Mai kwat ɗin ka ƙirga nashi ne? ƙila ma asusun kamfani ne

Baban Khalifa: Hajiya rahoto daban, tsare dattijo a benci kamar ɓarawo daban. Fom ne a cike a tura, ina dokar tace a tambaye shi ko yana da 'yan uwa a daji?

Ɗan Zone 4: Sun tambaye shi haka?? Innalillahi. To wannan kam kuɗin fansa suke zargi, su faɗa kawai

Malam Sabo: Ni na yi aikin kanta a banki shekaru, ku yi wa yaran nan uzuri. Tunda FATF, hukumar duniya mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ta saka Najeriya a jerin ƙasashen da ake sa wa ido a 2023 kowa ke tsoron a ce ta hannunsa kuɗin ya bi, in abu ya ɓaci ƙaramin ma'aikaci ake kora ba oga ba. Amma maganar daji kam rashin tarbiyya ne, wannan ban kare ba

Ɗan Zone 4: Malam tsoron ai yana da ido, yana zaɓen wanda zai ji. A Amurka ma a 2022 Ryan Coogler, babban daraktan fim baƙar fata, ya je cire dala 12,000 daga asusunsa a Atlanta aka kira 'yan sanda suka sa masa ankwa. Can fata, nan rawani

Maman Hanan: Naji, amma mu ma da laifinmu, ciniki na miliyoyi ba rasit ba komai sai shaidar dillali. Da ya karɓi takarda wajen sarkin kara da magana ta ƙare

Baban Khalifa: Yana da ita Hajiya, tana aljihunsa, ba wanda ya nema sai da muka yi awa biyu ni na ciro ta da kaina. Yanzu dai yace ranar Litinin in raka shi ya kwashe kuɗin, maruƙa zai saya